Lefen da Babu 'Yar Holan

Ni dai ba a jarida na san harajin kwastan ba. A tsakar gidana na san shi, ina tsugune ina kwasar tuwo, maza biyu suna ta musu a kansa har miya ta huce.

Lokacin muna zaune a Fegge, cikin Anaca, 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki. Maigidana, wanda nake kira Malam, wake da albasa yake saukowa da su daga Arewa, kuma gidanmu masaukin baƙi ne. Duk Bahaushen da ya zo cin kasuwar Anaca bai san kowa ba, ƙofarmu ake nuna masa. Gidan kwano ne mai ɗakuna a jere, da ɗan zaure da Malam ya sa aka fitar saboda baƙi, da rumfa a tsakar gida inda maza ke cin abinci in ruwan sama ya bari. Ruwan Anaca kuwa bai cika bari ba.

Cikin baƙinmu akwai wani Alhaji daga Fatakwal, aminin Malam tun suna samari. Atamfa yake sayarwa a kasuwar Mayil Wan ta can Fatakwal. In jirgin ruwa ya sauke kaya sai ya sara daga kantunan Turawa, ya kawo wasu Anaca, ya kwana biyu a wurinmu. Mutum ne mai jiki, mai magana a hankali, goro ba ya rabuwa da bakinsa. Ban taɓa ganin mai son musu irinsa ba. In ka ce masa yau ana rana, sai ya leƙa waje tukuna ko zai samu abin cewa.

Abokin musun nasa shi ne ƙanena, autanmu. Ni na ƙarasa rainonsa bayan rasuwar Inna, ni kuma na yi ta faɗa har aka bar shi ya yi boko. Akawu ne a ofishin jirgin ƙasa a Inugu. Ƙarshen mako yakan shigo mota ya zo, wai gaishe ni ya zo yi, ni kuwa na san miyar kuka ce ke kawo shi. Siriri ne, ga dogon wuya, ga jarida kullum a hammata. Auta muke ce masa, har bayan da ya yi furfura.

A shekarar ne gwamnati ta ƙara haraji a kan yadin da ake shigowa da shi daga waje. Atamfa 'yar Holan da 'yar Ingila suka yi tashin da ba mu taɓa gani ba, mata muka shiga tsaki a kasuwa. Ana cikin haka Allah ya haɗa Alhaji da Auta a kwano ɗaya, a rumfata, wata ranar Lahadi bayan azahar.

Auta ne ya taɓo maganar. Ya ce, "Alhaji, ai harajin nan shi ne abu mafi kyau da aka yi mana tun da aka sauke tutar Turawa."

Alhaji ya mayar da lomar da ya ɗauko. Na ga fuskarsa ta washe, na ce a raina yau tuwon nan ya shiga uku.

Ya ce, "To, ɗan boko, fahimtar da ni."

Auta ya gyara zama. "Audugarmu ce ake lodawa a jirgi a kai musu da araha. Su saƙa ta, su zana mata furanni, su dawo mana da ita da tsada. Abin da muke biya a kan kayansu ya fi abin da suke biya a kan namu. Gidan da kullum abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa, ai ka san inda zai ƙare. In aka tsawwala wa nasu, dole mu sayi namu. Masaƙunmu su tashi, yaranmu su samu aiki, dukiya ta tsaya a gida."

"Madalla. Injin da ke masaƙar taku, a Kano aka ƙera shi?"

"A'a."

"Rinin da ake zuba wa atamfar fa?"

"Shi ma kawowa ake yi, amma ai..."

"In injin ya karye, wa ake aika wa? Ka ga ke nan, ka tare dukiya a ƙofa, ta bi ta taga. Ni a bakin ruwa nake, ina ganin jiragen nan. Wanda ya kawo atamfa ba ya komawa fanko, gyaɗa da manja da fata yake ɗauka. Ka ce masa ba ka son nasa, wata rana shi ma zai ce gyaɗarka ta ishe shi. Kuma tun da aka ƙara harajin nan, masu kwalekwale ne suka yi ƙiba. Kayan suna shigowa ta cikin fadama, ba gwamnati, ba ni."

"A kama su mana."

"Ka zo ka kama. Amma kafin nan tambayi yayarka."

Ba a saba mace ta sa baki a hirar maza ba, amma tun da an ambace ni, sai na ce daga bakin murhu, "Ni abin da na sani, harajin nan ba Bature ke biya ba, ba kuma Alhaji ba. Ni nake biya, ranar da na je sayen zanen Salla."

Alhaji ya yi dariya har ya ƙware, Malam na buga masa baya. Auta ya sha mur, ya ce, "Yaya, haƙuri za a yi na ɗan lokaci. Masaƙun nan jarirai ne, sai an goya su."

Alhaji ya share hawaye ya ce, "Na yarda a goya su. Ni dai tsorona kada su ji daɗin goyon su ƙi sauka."

Nan zuciyar Auta ta ɗebe shi. Ya miƙe ya ce shi daga ranar ba zai ƙara sa yadin da aka saƙa a waje a jikinsa ba. Kuma ya cika. Ya raba rigunansa masu kyau ga abokai, ya koma yawo cikin farin yadin Kaduna mai tauri, in yana tafiya kana jin ƙararsa tun daga zaure. Na yi masa tsiya har na gaji.

Musun bai ƙare ranar ba. Jirgin ƙasa daga Inugu yana sauka har Fatakwal, Auta kuma ma'aikacin jirgi ne. Sai ya fara zuwa can, wai akwai wata amsa da ya manta bai ba Alhaji ba. Ya je sau ɗaya, ya koma, ya sake komawa. Miyar kukata ta rasa mai ci. Da na matsa masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce Alhaji yana da 'ya. Ita ke kawo musu ruwa in suna musu. Ta gama makarantar koyon ɗinki, tana da kekenta, kuma wata rana da ubanta ya tashi alwala ta ce masa a hankali, "Kai ne da gaskiya, amma kana saurin fushi, shi ya sa yake cin ka." Daga nan sonta ya kama Auta.

Na yi murna ƙwarai, don na san yarinyar, mai hankali ce, kuma na gaji da ganin ƙanena yana cin abincin kasuwa. Malam ya ɗauki limaminmu da dattawa suka tafi Fatakwal neman aure. Suka dawo da albishir: an tambayi yarinya ta ce tana so, Alhaji ya bayar. Sai dai Malam yana faɗa yana sosa ƙeya.

Na ce, "Malam, akwai saura."

Ya ce, "Akwai sharaɗi. Alhaji ya ce tun da yaron nan ya cika baki a gaban mutane, to yana so ya ga ko maganarsa tana da nauyi. In aka samu yadin waje a cikin lefe, ko kallabi ɗaya ne, ya san mai baki ne kawai, kuma ba zai ba mai baki kawai 'yarsa ba."

"Ai wasa yake yi."

"Da dariya ya faɗa. Amma a gaban liman ya faɗa, kuma ni na san shi, ba ya janye abin da ya faɗa a gaban liman."

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga Gwaggo ta sauka a gidana. Yayar Alhaji ce, ita ta riƙe yarinyar, ita ma atamfa take sayarwa, kuma duk matan Hausawan Mayil Wan ba mai ɗaura aure ko raɗa suna ba da saninta ba. Gajeriya ce, ga murya. Tun tana ƙarama aka kawo ta Kudu, Hausarta duk ta cakuɗe da Turancin kasuwa. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta sha ruwa, sannan ta ajiye kofin.

Ta ce, "Na ji shirmen da maza suka ƙulla. Wannan tsakaninsu ne. Lefe namu ne, mu mata. 'Yar gidan atamfa guda, a kawo mata lefe ba 'yar Holan, mutanen unguwarmu ta Diyobu su ce me? In na buɗe ban ga abin da zan ɗaga wa mata su gani ba, da ƙafata zan turo miki kayanki. No bi wasa."

Ta tafi ta bar ni zaune. In na sa 'yar Holan, uba ya fasa. In ban sa ba, Gwaggo ta dawo da lefe, wanda a wurinmu shi ma fasawa ne, har da ƙarin abin kunya. Kuma haɗa lefe da kai shi aikin yayar ango ne, ba uwa a raye, ba wata sai ni.

Da Auta ya zo na sauke masa kwandon faɗa. Na ce, "Ka ga abin da jaridarka ta jawo mana? Ministan da ya sa harajin nan yana can yana barci, matarsa na ɗaure da 'yar Holan, ni ce zan sha kunya a Fatakwal."

Bai yi musu ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Yaya, ina son ta. In na rasa ta ban san yadda zan yi ba. Amma in na karya maganata, ko an ba ni ita, da wane ido zan dubi ubanta?"

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Sai kuma ya ce ko madubi da turaren ma a nemi na gida. Na ce ya tashi ya bar mini ɗaki kafin in neme shi da muciya. Sharaɗin yadi aka yi, ba zan zaga Anaca ina neman madubin da aka ƙera a Nijeriya ba.

Na shiga kasuwa wurin wata ƙawata Inyamura mai rumfar atamfa, wadda ta iya Hausa a bakinmu. Na ba ta labari ta yi ta dariya tana tafa cinya. Ta ce abu mai sauƙi, a yanke bakin 'yar Holan inda aka buga hatimi, a ce ta gida ce. Na ce mata mutumin da za a yi wa wannan, ido rufe yake gane atamfa da ɗan yatsa. Sai ta fito mini da 'yan gida. Gaskiya zanensu ba laifi, akwai mai ganye, akwai mai tsuntsaye, launi ya fito. Amma 'yar Holan ba ta da ciki da baya, duk inda ka juya ɗaya ne. 'Yar gida kuwa kana juya ta sai ka ga bayanta fari-fari, kuma ta sha sitaci har tana tsayuwa da kanta. Na zaɓi masu dama-dama. Ƙawata ta samo mini saƙar hannu ta matan garin Akwete, mai nauyi, wani baƙonmu kuma ya kawo baƙin rini na Kano mai ƙyalli. Fantimoti ya cika, kwalla ta cika. Amma na san a raina ba abin da Gwaggo za ta ɗaga sama a ciki.

Ana saura 'yan kwanaki mu tafi, rana ta fito bayan dogon ruwa. A Anaca in rana ta fito haka, kowace mace akwatinta take fitarwa ta shanya kaya, don kada su yi fumfuna. Ina fitar da nawa na kai ƙasan akwati, na ɗauko zanen Inna.

Saƙi ne, baƙi da fari, ƙananan idanu irin na jikin zabuwa, da ratsin jan alharini a tsakani. Inna da hannunta ta kaɗa zarensa, a ƙauyenmu, daga audugar gonar babanmu. Ina yarinya ina ganinta da mazari da alli a yatsa, tana kaɗi tana yi mana faɗa. Ta daɗe tana tara zaren nan, sai mafi siriri take warewa. Ta kai marina, ta kai wa masaƙi, aka haɗa zane. Ba ta taɓa ɗaura shi ba. Kullum sai ta ce sai wata babbar rana, har Allah ya karɓi abarsa babbar ranar ba ta zo ba. Da aka raba 'yan kayanta shi na ce a ba ni. Ni ma ban taɓa ɗaurawa ba. Duk shekara sai in shanya shi, in shinshina, in mayar. Ƙanshin kanumfari da hayaƙin ɗakinta bai gama fita ba, kuma shi kaɗai ne abin Inna da na sauko da shi Kudu.

Na tsaya da shi a hannu. Na san abin da ya kamata, kuma ban so ba. Sai na yi wa kaina wayo. Ban sa shi a lefe ba, na naɗe shi a tsohon kallabi na sa a jakata. Na ce in an karɓi kaya ba shi, in dawo da abina, ba wanda ya sani.

Muka ɗauki mota da matan unguwa, muka sha hanya, muka isa Mayil Wan jiƙe da gumi. Tsakar gidan Alhaji cike da mata, har da maƙwabta Inyamurai da suka zo kallo, don labarin sharaɗin ya riga mu isa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka gaisa, aka kawo ruwa da goro. Gwaggo ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta jawo fantimoti ta buɗe.

Turare da sabulu da takalma da sarƙa ta wuce su ba magana. Da ta zo kan atamfa sai ta rage sauri. Ta ɗauki turmin farko, ba ta ko dubi gabansa ba, ta juya bayansa ta nuna wa mata. Ta murza gefensa, garin sitaci ya zubo mata a cinya, ta kaɗe a hankali don kowa ya gani. Ta lasa bakinsa da harshe ta yamutsa fuska. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata daga baya ta ce, "Wannan ai in an wanke sai a yi tatar koko da shi." Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na danne bakina da ƙyar, don na san in na buɗe shi aure ya mutu nan take.

Saƙar Akwete ta ɗan tsayar da ita. Ta auna nauyinta a hannu ta ce, "Wannan ba laifi." Rinin Kano ma ta gyaɗa kai. Sannan ta leƙa ƙasan fantimoti, ta leƙa kwalla, ta dube ni.

"Shi ke nan?"

Na gyaɗa kai. Ta mayar da murfi ta rufe. Na ga ta janye zanenta ta fito da ƙafa. A daidai lokacin na hango labulen wani ɗaki ya motsa, na ga idon yarinyar, ya cika da hawaye. Na tuna fuskar Auta ranar da ya kasa musu.

Na ce, "Gwaggo, dakata. Akwai ɗaya."

Na buɗe jaka, na kwance kallabin na miƙa mata. Ta karɓa a yatsine, ta warware. Ta juya bayansa, ta ga ba shi da baya. Ta murza, ba abin da ya zubo. Ta miƙe tsaye, ta ɗaga shi saitin rana tana duban zaren. Wata tsohuwa da ke jingine da bango ta ce a matso mata da shi, ta shafa, ta ce rabonta da ganin irinsa tun tana amarya.

Gwaggo ta ce, "Wa ya kaɗa zaren nan?"

"Mahaifiyarmu."

"Tana raye?"

"Ta rasu."

"An taɓa ɗaura shi?"

"Ba a taɓa ba."

Ta kai shi hancinta ta daɗe. Da ta sauke, muryar nan tata ta ragu. Ta ce, "Tawa uwar tana da irinsa. A hanyar saukowa Kudu aka sayar, ina kuka." Sai ta juya ga mata, muryar ta dawo. "Kun gani? 'Yar Holan kowa da kuɗinsa zai saya. Wannan ku je kanti ku tambaya." Ta ɗaga shi sama da hannu biyu, ta ce a yi guɗa. Aka rangaɗa guɗa har kajin gidan suka watse.

Na ɗauka an gama. Sai ga aike daga zaure, wai Alhaji ya ce a kai masa yadin duka ya duba. Mata suka yi ta gunaguni, tun da ake ba a taɓa jin namiji ya duba lefe ba. Gwaggo ta ce a kai masa, in ba haka ba ba za a yi barci a gidan ba. Jim kaɗan aka ce yana kirana. Na je na tsuguna a bakin ƙofar zaure. Yana zaune da dattawa, zanen Inna a kan gwiwarsa, ya ɗora yatsa a kan jan ratsin.

Ya ce, "Uwargida, sauran duk na gida ne, na duba. Amma kin san wannan jan zaren?"

"Alharini ne."

"Alharini ba ya tsirowa a ƙasar Hausa. Ta hamada raƙuma suke kawo shi, daga Tarabulus, can ma daga wani wuri aka kai. Wannan zaren ya fi 'yar Holan nisan tafiya."

Duk tunanina bai taɓa zuwa nan ba. Sai kuma zuciya ta taso mini, na manta a gaban dattawa nake.

Na ce, "Alhaji, Auta bai san na kawo shi ba. Zanen uwarmu ne, shi kaɗai ya rage mini, kuma Allah ya sani ban so rabuwa da shi ba. In a kan wannan za ka fasa, to da ni ka fasa, ba da shi ba. Ka ba ni abina in kama hanya."

Ya dube ni, goro a kunci. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi.

"Fasa me? Yaron ya cika maganarsa, har ya sa yayarsa ta sha dariyar matan Diyobu. Na ba shi, na ƙara ba shi. Ni murna nake yi na samu abin da zan kayar da shi. Ki gaya masa uwarsa ta fi shi sanin kasuwanci. Ta yi abin da ta iya da hannunta, abin da ba ta da shi ta saya daga waje, ba wanda ya tsawwala mata, ga shi zane ya yi kyau." Ya ninke shi da kansa, a hankali, ya miƙo da hannu biyu. Ina tashi ya ce, "Af, wannan mai tsuntsayen, a wace rumfa kika saya?"

Kafin a ɗaura aure 'yar gida ta cika rabin rumfarsa, don ita mata ke iya saya. Bai hana shi zagin harajin ba ko na rana ɗaya.

Da na kai wa Auta saƙo, sai da ya gama murna, sannan ya dawo kan batun zanen, ya ce, "Yaya, na Inna kika bayar?" Na ce ya rufe mini baki. Can kuma sai ya ɗago. "Amma ki gaya wa Alhaji, ratsi kawai Inna ta saya. Zanen duka audugarta ce. Abin da nake faɗa ke nan tun farko."

Abin da su biyun ba su hango ba shi ne kunyar surukuta. Ana ɗaura aure Auta ya zama suruki. In ya ga Alhaji sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, kai a ƙasa. Duk abin da Alhaji ya ce, amsarsa ɗaya ce, "Haka ne, Baba." Alhaji ya gwada tsokanarsa, ya ce harajin nan ya kashe ƙasa. Auta ya ce, "Haka ne, Baba," jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke. Alhaji ya zo mini da ƙara, ya ce, "Uwargida, na yi asara. Na ba da 'ya, na rasa abokin musu."

Daga nan aikin ya dawo kaina. In sun haɗu a gidanmu, Alhaji na zaure, Auta na cikin gida, ni ce a tsakani. In kai tuwo zaure a ce, "Ki gaya wa ƙaninki 'yar gidan ma ta yi tsada, tun da ba mai yi mata gasa." In dawo a ce, "Ki gaya wa Baba ɗan maƙwabcinsa ya samu aiki a masaƙa." Na yi shekaru ina dakon wannan musu, kuma har yau ban san wa ya fi gaskiya ba. Kowanne in yana magana sai in ji kamar shi ne.

Bayan biki da 'yan makonni na je Inugu ganin ɗakin amarya. Ban aika ina zuwa ba. Na shiga gidan da hantsi, na yi sallama ba a ji ba. Tana tsakar gida ta ba ni baya, za ta kai ruwa madafa, ɗaure da zanen. Na tsaya cik a bakin ƙofa. Inna ta kaɗa shi ba ta ɗaura ba, ni na ajiye shi shekara da shekaru a ƙasan akwati, kullum a ninke na san shi. Ban taɓa ganin yadda jan ratsin yake motsi in ana tafiya ba. Kewar Inna ta taso mini gaba ɗaya, da wani daɗi da ban san inda zan sa shi ba, sai hawaye.

Ta juyo ta gan ni, ta ajiye bokitin da sauri ta tsuguna. Ta dubi fuskata, ta dubi jikinta.

"Yaya, ban ɗaura daidai ba ne? In cire in ajiye?"

Na ce, "Kada ki ajiye shi, ya gaji da ajiya. Tashi ki kai ruwanki, ina nan ina kallo."